Ranar Da Murja Ta Taka Igiya

Duk ranar Juma'a Murja takan yi wa kanta ƙarya iri ɗaya. Wankan da ta yi da hantsi wai na Juma'a ne, kwallin da ta zizara na sunna ne, turaren wutan da ta tsuguna a kansa kuwa don ɗakin yana warin albasa ne. Matar yayanta, Ɗijatu, ta daina tanka mata tuntuni. Sai dai ta kalle ta ta wutsiyar ido ta ce, "Allah ya karɓi ibada," ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Kowa a gidan ya san wanda ake jira. Da an sauko daga masallaci, Abdulbaƙi yakan zo ƙofar gidan nan na unguwar Abdulkafi da ke garin Sabha a Libiya ya kawo kuɗin ciyar da 'yarsu Ihsan. Shekara biyu ke nan da ya saki Murja, bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa aiko wani ba. Shi a inuwar katanga, ita a bakin ƙofa, yarinyar tana zirga-zirga tsakaninsu. Gaisuwa ce kawai suke yi, amma ita Murja take lasa har wata Juma'ar.

Abin haushin shi ne ba mace ce ta raba su ba, ba duka ba, ba yunwa ba. Bishiya ce.

Abdulbaƙi mutumin Dutse ne, da hawan dabino ya buɗe ido. Da ya zo Libiya sai masu gonakin Wadi Bawanis suka riƙa rububinsa. Idan sanyi ya fara ja da baya dabinai suka buɗe fure, dole a sami mai hawa kowace macen bishiya da furen namiji a hannu, ya cusa shi cikin nata ya ɗaure. Auren dabino ma'aikata suke ce wa aikin. Bishiyar da aka makara a kanta, bana ba ta da 'ya'ya.

A irin wannan lokacin ne amininsa Yaou ya zame daga ƙololuwa. Murja tana goye da Ihsan ta ga an sauko da shi daga bayan mota naɗe cikin bargo. A ranar, tun ba a share makoki ba, ta ɗauko igiyar hawan mijinta ta jefa a gabansa.

"Ko ni ko ita. Zaɓi ɗaya."

"Da igiyar nan na auro ki," in ji shi.

Magana zarar bunu. Ta faɗa, ya faɗa, aka wayi gari da saki ɗaya a tsakaninsu. Ta zauna idda a gidan yayanta tana jiran ya zo biko, shi kuma yana can yana jiran ta aiko cewa ta janye maganarta. Haka iddar ta ƙare suna jiran juna. Mai aurar da itatuwan mutane ya kasa riƙe nasa auren.

Wannan Juma'ar hannunsa ta fara lura da shi. Hannun da kullum ƙayar dabino ta yi masa zane, yau fes yake, tsofaffin tabo kawai. Da ya miƙo mata kuɗin kuma ta ji sun yi mata shafal.

"Maman Ihsan, akwai magana."

Ta ce a ranta shi ke nan, aure zai yi.

"Na rage aiki."

"Korarka aka yi?"

"Ni na rage da kaina. Na shiga ma'ahad, makarantar koyon sana'a, a nan cikin Sabha, ina koyon haɗa sola da injin ban-ruwa. Da safe ake karatun. Da yamma ina taya wani mai shagon kayan wuta. Abin da nake samu yanzu bai kai rabin na da ba." Ya sunkuyar da kai. "Alfarma nake nema, a rage mini abin da nake kawowa zuwa baɗi. Da na gama zan cika har da na baya."

Ba ta ji rabin abin da ya faɗa ba. Abu ɗaya take son sani.

"Gonar fa?"

"Na sauko, Murja."

Rabon da ta ji sunanta tsirara a bakinsa tun ranar da suka rabu. Ta kama ƙyauren ƙofa ta riƙe. Tana son ta ce don wa ka sauko, amma kunya ta danne ta. Wani daɗi da wani takaici suka haɗu suka tsaya mata a ƙirji.

"Ba komai," ta ce da sauri. "Allah ya ba da sa'a."

"Ba komai a gidan wa?"

Yaya Muƙaddas ne, da darduma a kafaɗa, abokin cinikinsa Rachid yana biye da shi. Ashe sun ɗan jima a tsaye.

"Wato ka ajiye sana'arka da hannunka ka koma benci da gemunka, ni kuma in ƙarasa maka ciyar da 'yarka? Malam Abdulbaƙi, boko kake so, ai sai ka yi da aljihunka. Mu haɗu a gaban shugabanmu Malam Falalou ranar Litinin."

Abdulbaƙi bai musa ba. Ya shafa kan Ihsan ya juya. Murja ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

A tsakar gida Muƙaddas ya zaunar da ita. A gaskiya ba mugu ba ne. Shagon atamfarsa ya ja baya, mai gida ya ƙara haya, ga takardun zama da suke jiran sabuntawa, ga nasa yaran. Mutumin da kaya suka yi wa yawa ko tsinke ka ɗora masa sai ya yi ƙara.

"Murja, ke bazawara ce, ba zan yi miki dole ba. Amma ki ji ni da kyau. Ko dai ya ci gaba da kawo abin da yake kawowa cif, ko ki ba Rachid amsa. Mutumin nan ya fi shekara yana bin ki da mutunci. Na gaji da ɗaukar kayan da mai shi ya ajiye don ganin dama."

"Yaya, in na auri Rachid ai ka san Ihsan ba za ta zauna a hannuna ba."

"Wajen Inna za ta koma a Kazaure. Inna baƙuwa ce? Ita ta raine mu."

Haka shari'ar take, Murja ta sani. Uwa in ta auri bare, riƙon yaro ya koma hannun kaka. To amma tsakanin Sabha da Kazaure akwai sahara, kuma ba hanyar da mace za ta ce bari in leƙa in dawo ba ce.

Rachid ya yi sallama daga soro, ta fita don kada a ce ta wulaƙanta baƙo. Mutumin Maraɗi ne, motocinsa ne suke kawo wa yayanta kaya. Ba ya da dogon zance, kuma bai taɓa yi mata ƙarya ba.

"Bon, Murja, mi kike jira? Gida na nan, butik, shago ke nan, na nan in kina son ciniki. Ɗiyar ta tai wurin kakatta, kuɗin lekol, karatunta duka, ni ka biya. Wanda kike jira, ya gwada miki yau ko ɗiyatai ba shi iya riƙewa."

"Na gode, Rachid. Ka ba ni lokaci."

"Lokaci na ba ki har ya yi yawa," ya ce, ba da faɗa ba.

Da ta dawo ɗaki sai ta kife a kan katifa. Ɗijatu ta biyo ta, ta zauna a gefe ta bar ta ta yi mai isarta.

"Anti, gaba kura baya sayaki," ta ce cikin shessheƙa. "In na ce ya biya duka, ina zai samo? Bishiya zai koma. Ni da na kashe aurena don ya sauko, ni ce kuma zan mayar da shi sama da bakina? In kuma na yi shiru, Yaya ya gaji da mu, a ɗauke mini yarinya."

"Tsaya in tambaye ki. Har yanzu kina son sa?"

"Wane irin so? Haushinsa nake ji. Na ce ya zaɓa ya ƙi, sai da kasuwa ta watse ya zo da kayansa."

"To ai mai jin haushi ba ta turare tun hantsi."

Murja ta sake fashewa da kuka.

"Ina son sa, Anti. Ko tarinsa na ji a bayan katanga na san shi ne. Duk shekara in dabinai suka buɗe ba na iya cin abinci, motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in ce shi aka kawo. Ya sake ni amma tsoron bai sake ni ba. Wannan wane irin zawarci ne?"

Ɗijatu ta share mata hawaye da gefen zaninta.

"Da tsohuwar zuma ake magani, Murja. Amma zumar ba ta zuwa da ƙafarta."

Ranar Litinin bayan la'asar suka hallara. Malam Falalou dattijo ne mutumin Damagaram, shi ne shugaban jaliya, wato Hausawan da ke zaune a Sabha. Ya fi shekara talatin a garin. Rigimar aure, ta gado, ta ubangida da yaronsa, a ɗakin baƙinsa ake kashe ta, don ba kowa ne yake da takardun da zai tunkari kotu da su ba. In ya yanke magana kuwa ta yanku, wanda ya ƙi ji ba zai sake samun mai tsaya masa a garin ba.

Murja ta zauna daga bakin ƙofa kusa da Ɗijatu. Muƙaddas da Rachid suna gefe guda. Abdulbaƙi ya shigo shi kaɗai da wani tsohon buhu, ya ajiye a gabansa.

Muƙaddas ya faɗi tasa, ya faɗa da zafi. Sannan Malam ya juya.

"Kai kuma ɗana, me ya hana ka aiki? Ciwo ne?"

"Lafiyata ƙalau, Malam."

"Mai gona ya sallame ka?"

"Har jiya yana kirana."

"To me ya sauko da kai?"

Abdulbaƙi ya kwance bakin buhun ya zazzage. Igiya ce, ta kaba, ta yi baƙi don tsufa. Murja ta gane ta tun kafin ta gama warwarewa. Ga tsumman atamfar nan shuɗiya da ita da kanta ta naɗa a daidai inda igiyar take gurje masa baya, tun suna amarci. Ya koɗe, ya yage, amma bai cire ba.

"Malam, bara ina can sama ƙafata ta goce. Igiyar nan ta riƙe ni. Ina lilo a sama ban tuna kowa ba sai yarinyar nan da uwarta. Na ce in na faɗo, wa zai kai musu na Juma'a? An taɓa ce mini in zaɓa, na yi taurin kai. Yanzu na zaɓa, sai dai na makara." Ya shafa igiyar. "Ba gudun nauyi nake ba. So nake in sami sana'ar da zan yi ƙafata tana ƙasa, in ga auren Ihsan da idona. Na kawo igiyar ne in bar ta a hannunka."

Murja ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Hawaye suka jiƙa shi.

Malam Falalou ya daɗe yana jan carbi.

"Niyyarka mai kyau ce, kuma neman ilimi ba laifi ba ne. Amma ka saurara. Wanda ciwo ya kwantar, ko aka kora, ana duba abin da ke hannunsa a rage masa. Wanda ya rage aiki da kansa kuwa, da abin da yake iya samu ake auna shi, ba da abin da ya ga damar samu ba. Kai ka fi ni sanin dabino. In ya buɗe, kana ce masa ya jira baɗi? Haka cikin yaro yake. Da ka zo mun yi shawara kafin ka sauko, da wata maganar ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Za ka ci gaba da kawo abin da kake kawowa."

"Malam, na yafe!" Maganar ta kuɓuce wa Murja. "Ni na yafe rabin."

"'Yata, da naki ne da kin yafe. Haƙƙin yarinya ne, ke amana aka ba ki. Kuma ba a tukunyarki ake dafawa ba, ta yayanki ce."

Muƙaddas ya gyara zama, shi kansa bai yi kama da wanda ya ci nasara ba.

"Na ji, na karɓa," in ji Abdulbaƙi a hankali. "Dabinai sun fara buɗewa. Jibi zan koma Wadi. Karatu kuma, in da rabo, wata rana."

Ya durƙusa ya kama bakin igiyar ya fara naɗewa. Ya ja, ya ja, sai ta ƙi zuwa.

Murja ce tsaye a kanta. Ita kanta ba ta san lokacin da ta tashi ta ratsa tsakiyar maza ba. Ƙafarta tana kan tsumman nan shuɗi.

"Murja, koma ki zauna," in ji Muƙaddas.

"Yaya, ka yi haƙuri, yau ɗaya zan yi rashin kunya." Ta juya ga dattijon. "Malam, ka ce tukunyar ba tawa ba ce. To in tukunyar ta zama ɗaya fa? Abin da yake samu bai isa a raba gida biyu ba, na yarda. Amma in gida ɗaya ne, ni na san yadda zan juya shi ya ishe mu. Na iya ɗinki, na iya tuya. Na zauna da shi lokacin da ba mu da komai sai tabarma da buta. Saki ɗaya ne tsakaninmu, Malam."

Ɗijatu ta dafe baki. Ina aka taɓa jin mace ta nemi kome da bakinta, a gaban yayanta, a gaban mai neman aurenta?

Rachid ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya dubi Murja, ya dubi igiyar.

"Bon. Na samu amsata." Ya sa takalmansa ya fita.

"Kin kunyata ni," in ji Muƙaddas, idonsa ya kaɗa. "Kin kore mini mutumin da yake rufa mini asiri a kasuwa, saboda wanda ya zaɓi igiya ya bar ki da goyo. Ni dai ba da bakina ba. Ba zan sake ba shi ke ba."

"Kai ɗana," Malam ya ce da Abdulbaƙi, "ka ji abin da ta ce. Kana so?"

Abdulbaƙi yana durƙushe har yanzu, bakin igiyar a hannunsa. Ya ɗago ya dubi Murja, kallon da bai yi mata ba cikin shekara biyu. Ya buɗe hannunsa igiyar ta faɗi.

"Malam, ko a mafarki ban isa in roƙa ba."

"To. Muƙaddas ya ƙi, kuma ba a ɗaura aure a kan fushin ɗan'uwa in da yadda za a yi. Akwai babba a gida?"

"Akwai Kawu a Kazaure," in ji Ɗijatu, ba ta yarda ta haɗa ido da mijinta ba.

"Zan neme shi a waya, ya ji ta bakin kowa. Na ba da lokaci zuwa Juma'a, don furen dabino ba zai wuce haka yana jira ba. In an amince, a ɗaura bayan an sauko daga masallaci, hukuncina ya faɗi da kansa. In an ƙi, hukunci yana nan." Ya nuna Murja da carbinsa. "Ke kika taka igiyar, ke za ki tafi da ita. In an ƙi, da hannunki za ki miƙa masa."

Ta sunkuya ta tattara ta. Ta fi yadda take tsammani nauyi, kuma har yanzu tana ƙanshin jikinsa. Kawun nan kuwa, kowa ya san bai taɓa saɓa wa maganar Muƙaddas ba, don shi yake aika masa na cefane.

A waje Muƙaddas ya yi gaba fuu ko waiwaye babu. Ɗijatu ta tsaya gyaran takalmin da babu abin da ya same shi. Abdulbaƙi ya matso, ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

"Murja, in Kawu ya ƙi fa?"

Ta ƙanƙame igiyar a ƙirjinta a ƙarƙashin mayafi.

"Ban sani ba."

"Ranar Juma'a ba ni da abin da zan kawo. Ɗan abin da nake da shi na riga na ba ki."

Ta ɗago jajayen idanunta ta dube shi.

"Ka zo," ta ce. "Ko babu komai a hannunka, ka zo."